Takobin kakanmu da muka tsinta a ɗakin Baffa: in sayar ko a ajiye?

Dan_Kofar_Guga: Salam 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka mani da shawara. Baffanmu ya rasu kwanan baya, Allah ya jiƙansa, to jiya muna kwashe kayan ɗakinsa sai ga wani takobi bayan akwatin ƙarfe naɗe cikin tsohon gwado. Inna ta ce na kakan babanmu ne kuma ita tun tana amarya ta san shi a gidan amma ba ta taɓa ganin an zare shi ba. Na auna da tef ɗin tela, ruwan takobin kaɗai santimita 82 ne, miƙaƙƙe, kaifi biyu, da kwarmi uku a tsakiya, na tsakiyar ya fi tsawo, sannan akwai wani tambari kamar jinjirin wata guda biyu masu fuska sun juya ma juna baya. Kuben jar fata ne duk ya bushe ya tsattsage, hamilar ta ruɓe. Tsatsa ta kama wajen tsinin. Abin da ya sa na kawo maganar nan, wani dillali ya ji labari ya zo ya ce dubu 120, na ce sai na yi shawara, yau da safe ya dawo da kansa ya ce dubu 200 ba tare da na ce uffan ba. Wannan saurin nasa ne ya tsorata ni. In sayar? In kai a wanke shi da giranda ya yi ƙyalli tukuna? Ko a bar shi?

BabanIlham: Allah ya jiƙan Baffa. Mutumin da ya ƙara maka dubu 80 cikin dare ɗaya ai ya riga ya gaya maka amsa, kai ne ba ka ji ba.

Jikan_Makera: Kai don girman Allah kar ka kai shi wajen mai giranda!! Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa. Giranda cin ƙarfe take, za ta shafe watannin nan ta daddaƙe kwarmin, kuma zafinta na kashe ruwan da aka ba ƙarfen, sai ka ga bakin ya yi shuɗi-shuɗi ya koma laushi. Ni a maƙera na tashi, na ga yadda yara ke ɓata kayan tarihi da ita cikin minti biyar. Ka samo man keken ɗinki ka shafa ka bar shi ya kwana, gobe ka goge da tsumma, ka maimaita kamar sati. Jar tsatsa ita ce mai ci, ita za ka fitar. Baƙi-baƙin da ya zauna jikin ƙarfen ka ƙyale shi, shi ne shaidar shekaru.

Yar_Rafindadi: Ni dai tambayata ɗaya, akwai yara a gidan? Don tunda an fito da shi an gani to hankalinsu na can.

Dan_Kofar_Guga: Hajiya akwai su kam, har wani ƙanena ɗan aji uku na sakandare ya fara cewa shi zai hau da shi da sallah. Inna ta kulle a ɗakinta yanzu.

Malam_Na_Gobarau: Kafin a yi nisa, ɗana, ka ce "in sayar". Naka ne kai kaɗai? Abin da mamaci ya bari ko allura ce gado ce, balle wannan da ake taya shi dubu 200. Kuma tunda ka ce na kakan babanku ne, sai an duba ko Baffan mallakarsa ne ko ajiya aka ba shi a matsayin babban gida, domin in ajiya ce to magada sun yi yawa, har da gwaggwanninku da 'ya'yansu. Ku zauna da wanda ya san rabon gado. In kuna son ya zauna a gidan ana iya yi masa kuɗi wani daga cikinku ya biya sauran haƙƙinsu, ko kowa ya yafe da bakinsa, banda marayun da ba su balaga ba, su ba a yafe masu.

Dan_Kofar_Guga: Allah ya gafarta Malam wallahi ban kawo wannan a raina ba. Na gode.

Bakatsine_Tsantsa: Ni abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan, rashin sani kaza ta kwana kan dami. Garin da kayan sarautarsa ma takobi ne kan gaba! Takobi Gajere na nan Gidan Korau, fadar Sarkin Katsina, wanda ake cewa da shi Korau ya yanka Sanau bayan ya kada shi a kokawa, shi ya sa har gobe in ana kirari za ka ji baƙon Sanau. Ga Bebe kuma da ake cewa ganimar yaƙi da Gobirawa ne. Sarauta ta tashi daga Haɓe ta koma gidan Dallazawa, daga nan ta koma hannun Sarki Dikko a 1906, duk wannan juyin ba wanda ya ce bari in kai Gajere kasuwa. Amma mu talakawa da an nuna mana kuɗi sai mu miƙa.

SarkinZolaya: To ai shi wannan ba Gajere ba ne, Dogo ne 😂 santimita 82 fa

Dan_Kusugu: @Bakatsine_Tsantsa a dai riƙa tunawa da manya. Kafin a san Korau an san Daura. Wuƙar da Bayajidda ya kashe macijiya da ita a rijiyar Kusugu maƙeran Gaya suka ƙera masa, kuma tana nan fadar Daura ana ajiye da ita. Mutanen da sai ranar Juma'a suke samun ruwa, ƙarfe ɗaya ya raba su da wannan wahala. Ku zo sallar Gani ku ga hawa.

Bakatsine_Tsantsa: Ba mu musa ba Dan_Kusugu, Daura uwa ce. Amma ku daidaita bakinku tukuna, wasunku su ce wuƙa wasu su ce takobi.

Dan_Kusugu: Ko aska ce dai ta yi aikin.

Mai_Tara_Karafa: Bari in sa baki tunda wannan ita ce cutar da nake fama da ita shekara goma sha. Ina da takubba 6 da wuƙaƙe sun fi 30, matata ta ce ɗakina ya koma maƙera. Irin wanda ka siffanta shi ne takobin da muka yi tarayya da Buzaye, su suna ce masa takoba, za ka gan shi tun daga Agadas har Damagaram da Maraɗi da nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ruwan takobin da dama ba nan aka ƙera su ba. Daga Turai suke, musamman wani gari a Jamus da ake kira Solingen wanda har yau wuƙa da almakashi aka san shi da su, a kawo su Tarabulus, ayarin raƙuma su keto Sahara da su, nan kuma maƙera su sa ƙota su yi mata adon tagulla, dukawa su ɗinka kube. To Katsina kuwa zango ce babba a wannan hanyar kafin Kano ta karɓe kasuwar. Amma fa kar ka yi murna da wuri, watannin nan biyu ba hujja ba ce. Da maƙeranmu suka ga masu saye na neman mai wata sai su ma suka sassaƙa abin bugawa suna buga ma nasu. Ina da guda biyu masu wata, ɗaya fuskar ta fito tsaf da ido da hanci, ɗayan kuwa kamar yaro ya zana da ƙusa. Ka ɗauko hoto kusa-kusa da rana, ba da fitilar waya ba, ka ɗauki ƙotar ma da inda ruwan ya shiga cikinta.

Jikan_Makera: Alhaji Mai_Tara_Karafa gaskiya ka faɗa amma yadda ka yi maganar kamar na gida ba shi da daraja. Kakana ya ba ni labarin yadda ake fita daji a haƙo tama a gina murhu a kwana ana zuga da gawayin ƙirya kafin a samu ɗan dunƙulen ƙarfen da bai fi kan jariri ba, sannan a zo a yi ta bugu kan uwar maƙera. Wanda aka yi da wannan ƙarfen a wurina ya fi na Jamus tsada don ba za a sake yin irinsa ba. Tunda jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ƙarfen Turawa ya fara yawa, sai narkar da tama ta yi ta mutuwa, yau duk wuƙar da muke yi da sifirin mota ne ko tsohon magagari. Sifirin na da kyau fa, yana riƙe kaifi, amma in ka ga takobi na sifirin ka san bai ga yaƙin kowa ba.

Mai_Tara_Karafa: Ban raina ba wallahi, ranka ya daɗe. Kasuwa ce ke raina shi, ba ni ba.

Dan_Kofar_Guga: To yaya ake gane na sifirin da na da?

Jikan_Makera: Nauyi da amo. Na da sirara ne, ba su da nauyi yadda kake zato, in ka ɗan danna tsinin a kan itace zai ranƙwafa ya dawo daidai. KAƊAN fa na ce, kar ka je ka karya abin mutane tunda tsatsa ta ci wajen. Ka rataye shi da zare ka ƙwanƙwasa da ƙusa, mai kyau zai yi ta waƙa, na banza ƙwas ɗaya ya yi shiru. Na yanzu da ake yi don hawa yawanci kauri gare su kuma za ka ga sawun giranda a kwarmin.

Barde_Mai_Akawal: Mu da muke hawa mun san wannan. Nawa na hawa a kasuwa na saya, ko kaifi ba shi da shi, da gangan na sa aka dakushe shi don in ana jafi doki na gudu ga mutane ko'ina ba ka san inda hannu zai kai ba. Na gado yana gida ba ya fita. Wata shekara wani abokin hawana ya fita da na kakansa hawan bariki, da aka dawo kube kawai ya tarar a rataye, har yau ba labari. Don haka ƙanenka ɗan aji uku ya yi haƙuri.

Umman_Sadiq: Ku kuna ta tarihi ni gabana faɗuwa yake. A unguwarmu bara ƙauraye suka tare wani yaro don waya suka sare shi a hannu, da irin waɗannan abubuwan ne fa. Duk gidan da aka san akwai takobi ko barandami to yaran banza na sane. Kuma in jami'an tsaro suka shigo bincike suka gani wa zai tsaya jin labarin kakan babanka? A sayar a raba kuɗin kowa ya huta, ko a kai ma hukuma.

BabanIlham: Umman Sadiq ƙauraye ba da kayan gado suke aiki ba, adda ce ta dubu biyu da wuƙar kasuwa. Kuma kowane gida akwai wuƙar yanka rago ai.

Umman_Sadiq: Wuƙar yanka rago ba ta kai ƙugun mutum tsawo ba malam.

Lauyan_Unguwa: Abu biyu. Na farko, ajiye takobin gado cikin gida daban, yawo da shi a titi daban, na biyun ne ke jawo kamu, musamman lokacin sallah da siyasa da 'yan sanda ke fitar da sanarwar hana fita da makami. Na biyu kuma shi ne wanda ba wanda ya taɓo: akwai dokar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979. A ƙarƙashinta kayan sana'ar hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 kayan tarihi ne, ba a fitar da su ƙasar waje sai da izinin hukumar, kuma ba kowa aka yarda ya yi cinikinsu ba sai wanda ta amince masa. To in takobin nan ya riga zuwan Turawa Katsina a 1903 ka ga ya shiga ciki. Dillalin nan ka tambaye shi takardarsa ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Shawarata ka je gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina ka nuna masu hoto, hoto fa na ce, su gaya maka abin da suka gani.

SarkinZolaya: Lauya ya ce hoto har sau biyu, mun gane 😂

Lauyan_Unguwa: Ban ce komai ba. Abin magada ne, ba ya fita gida sai da yardarsu, shi ke nan.

Dan_Mai'adua: Dillalan nan mun san su, ranar Lahadi suna zagaye kasuwarmu suna tambayar tsofaffin kaya, takobi, tasa, sirdi, likkafa, har allon ƙarfe. Wani ya taɓa sayen wuƙar damtse wajen wani Buzu a gabana, irin mai zoben fata da ake zura hannu ciki ƙotar kamar gicciye, kuɗin da ya ba shi ko buhun gero bai kai ba, Buzun na ta murna. Ni kuma na sha ganin irinta a intanet Turawa na gwanjonsu da dala. Amma kuma a faɗi gaskiya su ma ana cin su, akwai masu ƙera sabo su binne shi cikin taki da gishiri wata biyu ya fito kamar ya ga yaƙin Ɗanwaire.

Mai_Tara_Karafa: Hhhh Dan_Mai'adua ka taɓo mani ciwo, an yi mani wannan a farkon farawata. Bisalami ne wai, mai lanƙwasa, aka ce daga Masar. Na biya na kawo gida ina shafa mai sai ga lambar sifirin a jikinsa.

Auta_Na_Inna: Yayyena ni tambaya ta daban, da takobin Hausa da na Japan wanda ake gani a fim wanne ya fi kaifi?

Jikan_Makera: Wanda aka wasa jiya.

Mai_Tara_Karafa: Auta ba aikinsu ɗaya ba. Na Japan kaifi ɗaya ne, da hannu biyu ake riƙe shi, suna ninka ƙarfen suna bugu sau da yawa don su fitar da dattin da ke ciki tunda daga yashi suke samo shi. Namu na mahayin doki ne, hannu ɗaya linzami ko garkuwa ɗaya takobi, sara ake da shi ba suka ba, shi ya sa za ka ga tsinin da yawansu a zagaye yake. Suka aikin mashi ne.

Na_Sarkin_Pawa: Duk wannan surutu ba wanda ya fi mu sanin wuƙa, mu da muke ci da ita kullum. Ina da wuƙar yanka da na gada wajen mahaifina, wasa ya cinye ta har ta koma kamar ganyen albasa amma ko an ba ni sabuwa goma ba na bayarwa. Ta yanka daban ta fiɗa daban ta ƙashi daban, kuma ba na ba da aro ko da layya, a zo in yanka maka kyauta ya fi mani. Abin da zan ce ma mai takobi, kar ka mayar da shi cikin kuben nan yanzu. Fata na shan danshi da damina ta riƙe, ita ke kawo tsatsar. Ka shafe shi da mai ka naɗe da farin ƙyalle, kuben kuma a shafa masa man kaɗanya kaɗan-kaɗan a ajiye gefe.

Yar_Rafindadi: Na Sarkin Pawa wallahi har a kicin haka ne. Wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe in ka yanka tumatir ka bar ta sai ta yi ja, amma kaifinta ba a haɗa shi da waɗannan masu ƙyallin na cikin kwali da ake sa ma amare, sati biyu sun dakushe sai dai ado. Ni tawa a gindin turmi ko bayan tasa nake ɗan goga ta ta dawo.

Malam_Na_Gobarau: Tunda na ga matasa na ta sha'awa, a kiyaye ladabin abin. Annabi (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya hana a miƙa takobi a zare, kuma ya ce mai wucewa da kibau cikin masallaci ko kasuwa ya riƙe bakinsu. Masu ɗaukar hoto suna ɗora ma abokai wuƙa a wuya ku ji.

Umman_Sadiq: Yauwa Malam. Ni dai har yanzu ban ga amfanin ajiye shi ba, ba a yanka da shi ba a noma da shi.

Bakatsine_Tsantsa: Umman Sadiq kwallar da kika gada wajen kakarki miya kike zubawa ciki?

Umman_Sadiq: Kwalla ba ta taɓa sare kowa ba.

Dan_Kofar_Guga: Na gode ƙwarai jama'a. Ga inda ake: na shafa man keken tun jiya, tsumman ya fito jawur, kuma da tsatsar ta ɗan saki sai ga wani zane ƙasa da watannin kamar dabba tana gudu, ban gane ko kare ne ko me ba. Na rataye na ƙwanƙwasa yadda Jikan_Makera ya ce, yana da amo sosai har Inna ta leƙo. Dillalin ya kira sau uku, na tambaye shi takarda ya ce wace irin takarda kuma, sai ya ce dubu 250 in kawo yau. Na gaya ma babban yayanmu maganar Malam, ya ce ba mai taɓa shi sai gwaggonmu ta zo daga Maraɗi an zauna, shi yana son a ajiye, ƙannen Baffa biyu kuma sun ce a sayar a gyara soron da ya tsage tun damina. Ni kaina yanzu ban san ɓangaren da nake ba.

BabanIlham: Soron nawa zai ci?

Dan_Kofar_Guga: Magini ya ce ya fi dubu 400.

BabanIlham: To ko an sayar ma bai kai ba ke nan.

Mai_Tara_Karafa: Tsaya tsaya, dabba tana gudu ka ce? Bakinta a buɗe, layi-layi aka yi ta kamar da kurfi? Maƙeran Jamus na buga kyarkeci a ruwan takobi, amma shi ma an kwaikwaya. Don Allah turo hoton wannan wajen, duka fuska biyun, ka ajiye ashana kusa da shi in ga girmansa.

Jikan_Makera: Kuma ka daina gogewa haka nan, man kawai.

Dan_Kofar_Guga: To bari rana ta fito, makullin na hannun Inna kuma ta yi barci.